Awon Malami da Mudun Ambato: Batun Solomon Snyder

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu waɗanda ba su daɗe da kama aikin gwamnati ba, akwai wata al'ada da ta shiga jami'o'in duniya har ta iso namu, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira tun ba ta zame mana doka ba. Al'adar kuwa ita ce auna darajar malami da yawan ambaton da sauran masana suka yi wa rubuce-rubucensa. Yau in malami ya nemi ƙarin girma ko kuɗin bincike, a wurare da dama sai a buɗe Google Scholar ko Scopus, a karanto wata lamba da ke gaban sunansa, a yi shiru kamar an ji hukuncin alƙali. Waɗansunmu gobe su ne za a auna da wannan mudu, waɗansunmu kuwa su ne za su riƙe shi a ofisoshin ma'aikatun ilmi. Don haka muka ga ya kyautu mu ɗauki ɗaya daga cikin mutanen da mudun ya fi cika wa, mu ga abin da lambarsa ta faɗa da abin da ta yi shiru a kansa. Mutumin nan shi ne Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore a Amurka, masanin sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su.

Bari mu fara da ma'anar ambato, don kada mu bar kowa a baya. Duk masanin da ya buga maƙala a mujallar ilmi, a ƙarshenta yakan jera sunayen maƙalun da ya dogara da su. Kowane suna da ya shiga jerin nan ambato guda ke nan ga mai maƙalar. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ne ya ba da shawara a 1955 cewa a riƙa tattara waɗannan jeri wuri ɗaya, kuma a 1964 ya fitar da kundin da ake kira Science Citation Index. Nufinsa na farko shi ne taimakon mai bincike ya bi sawun wata magana, ya san wa da wa suka ɗora a kanta. Daga baya ne aka mai da kundin ma'auni. A 2005 kuma sai Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro abin da ake kira ma'aunin h. Lissafinsa mai sauƙi ne: in aka ce malami yana da h 20, watau yana da maƙaloli 20 waɗanda kowace ɗaya an ambace ta aƙalla sau 20. A cikin maƙalar da Hirsch ya gabatar da ma'aunin, ya jera manyan masana ilmin halittu, sai ga Snyder a kan gaba da 191. Mai bi masa, David Baltimore, wanda ya ci kyautar Nobel, yana da 160.

To, maƙaloli 191 waɗanda kowaccensu aka ambata aƙalla sau 191 ba wasa ba ne. Me mutumin nan ya yi?

An haifi Snyder a birnin Washington a 1938. Ya karanta likitanci, sa'an nan ya koyi bincike a hannun Julius Axelrod, wanda ya sami Nobel a 1970. Aikin da ya fito da sunansa ya zo ne a lokacin da hankalin hukumomin Amurka ya tashi saboda yaɗuwar shan hiroyin a biranensu da kuma tsakanin sojojinsu da ke yaƙi a Biyetnam, har Shugaba Nixon ya ƙaddamar da yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1971, aka saki kuɗin bincike. Masana magunguna sun daɗe suna zaton cewa mofin da hiroyin da danginsu, waɗanda asalinsu ofiyom ne, suna da wani mazauni na musamman a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa inda suke maƙalewa, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwadonsa. Suna da dalili. Ɗan kaɗan daga maganin yakan yi aiki mai yawa, kuma akwai waɗansu magungunan da ke zuwa tagwaye, sifarsu ɗaya sai dai ɗaya na dama ne ɗaya na hagu kamar tafin hannu, amma ɗaya ne kaɗai ke kashe zafin ciwo. Abin da ke bambanta hagu da dama lalle yana da sifa. Sai dai zato dabam, gani dabam. Avram Goldstein na Jami'ar Stanford ya gwada a 1971, ya shimfiɗa hanyar da za a bi, amma maganin ya riƙa manne wa kome da kome a cikin naman ƙwaƙwalwa, har mazaunin na gaskiya ya ɓace a cikin tarkace.

Wata ɗaliba mai neman digirin digirgir a ɗakin gwaje-gwajen Snyder, Candace Pert, ita ce ta yi gwajin da ya warware matsalar. Ta niƙa ƙwaƙwalwar ɓera, ta gauraya ta da ɗan ƙanƙanin nalokson, watau maganin da ke karya ƙarfin mofin, wanda aka yi wa alama da wani sinadari mai fitar da tururin da na'ura ke iya ƙirgawa. Sa'an nan ta zuba gaurayen a kan matata, ta wanke shi da sauri, don abin da ya manne sama-sama ya tafi da ruwa, wanda ya shiga kwado ya tsaya. Dabarar tacewa da wankewar nan sun koye ta ne daga maƙwabcinsu a Johns Hopkins, Pedro Cuatrecasas, wanda ya yi amfani da ita wajen binciken insulin. Da suka ƙara mofin da 'yan'uwansa cikin gaurayen, sai suka ga kowane magani yana ture nalokson daga mazauninsa gwargwadon ƙarfinsa a jiki, ɗan tagwayen nan marar aiki kuwa bai ture kome ba. Aka buga sakamakon a mujallar Science a watan Maris na 1973, da sunan Pert a farko, na Snyder a biye. A cikin shekarar kuma Eric Simon a New York da Lars Terenius a Uppsala ta ƙasar Suwidin suka sami irin wannan sakamako, kowa ta hanyarsa.

Nan take wata tambaya ta taso: don me ƙwaƙwalwar ɗan Adam za ta kasance da kwadon da mabuɗinsa ke cikin ruwan wata fure? Amsar ta fito daga Aberdeen ta ƙasar Sikotlan a 1975, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka tatso daga ƙwaƙwalwar alade waɗansu sinadarai da jiki da kansa ke yi, masu shiga wannan mazauni, suka ba su suna enkefalin. Ashe jiki yana da nasa mofin. Wannan magana ba ta yi mana nisa ba. Kodin ɗin da ke cikin maganin tari, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018 saboda ɓarnar da yake yi wa matasanmu, hanta ce ke juya shi ya koma mofin, ya je ya zauna a mazaunin nan. Tiramadol ma ta nan yake yin wani ɓangare na aikinsa. Duk likitan da ke bayyana wa iyaye dalilin da ya sa ɗansu ya kasa bari, da ilmin da aka buɗe ƙofarsa a 1973 yake magana.

Snyder bai tsaya nan ba. Da yake dabarar ta yi aiki ga mazauni ɗaya, sai shi da ɗalibansa suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A 1976, tare da Ian Creese da David Burt, suka nuna cewa ƙarfin magungunan taɓin hankali mai tsanani yana tafiya daidai da ƙarfin kamunsu ga mazaunin sinadarin dofamin, abin da Philip Seeman na Toronto shi ma ya gano a daidai lokacin. Kamfanonin magunguna suka karɓi dabarar, domin ta ba su damar gwada ɗaruruwan sinadarai a cikin 'yan kwalabe maimakon a jikin dabbobi masu yawa. A 1980 ya kafa sashen ilmin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a jami'arsa, ya shugabance shi har 2006. A 1990 kuma, tare da ɗalibinsa David Bredt, suka ware sinadarin da ke ƙera iskar nitirik okside a cikin ƙwaƙwalwa, suka taimaka wajen tabbatar da abin da da farko ya yi kama da tatsuniya, cewa iska ma tana iya zama 'yar aike tsakanin ƙwayoyin jijiya. Maƙalolin da ke ɗauke da sunansa sun haura 1,000.

Ke nan a kan Snyder lamba ba ta yi ƙarya ba. Babban malami ne, kuma ba mu zo nan don mu rage masa kome ba. Amma mai karatu ya lura da yadda muka san girmansa: mun san shi ne da muka bi ayyukan, muka ga tambayar da kowane ya amsa. Lambar 191 ita kaɗai ba ta gaya mana ko ɗaya daga cikin abin da muka zayyana a sama ba. Kuma a cikinta akwai abubuwan da ba hazaƙa ba. Akwai tsawon shekaru, domin ma'aunin h ba ya raguwa, sai dai ya ƙaru ko mai shi ya daina aiki. Akwai girman ɗakin gwaje-gwaje, domin sunan shugaba yana hawa kusan kowace maƙala da ta fita daga ɗakinsa, kuma ma'aunin yana ba kowane mai suna a maƙala cikakken lada, ko su biyu ne ko su hamsin. Akwai kuma girman kasuwa. A maƙalar Hirsch ɗin nan, wanda ya fi kowa a fannin fiziks, Edward Witten, yana da 110. Wa zai ce Snyder ya kusa ninka Witten a basira? Masana halittu sun fi yawa, sun fi buga maƙaloli, jerin ambatonsu ya fi tsawo. Shi kansa Hirsch ya yi gargaɗi tun a lokacin cewa lamba guda ba za ta ba da cikakken hoton mutum ba, kuma ba a kwatanta fanni da fanni da ita.

Yanzu sai mu koma ga Candace Pert, domin labarinta ne ya hana mu yanke hukunci cikin gaggawa. A 1978 aka ba da kyautar Lasker, wadda ake ɗauka a matsayin share fagen Nobel, saboda wannan bincike. Aka ba Snyder da Kosterlitz da Hughes. Ba a sa Pert ba, haka kuma Simon da Terenius. Hujjar da aka saba bayarwa ita ce ɗalibi a ƙarƙashin malaminsa yake, tunani da kuɗi da ɗaki duk na malam ne. Pert ba ta yarda ba. Ta ƙi halartar bikin, ta rubuta takardar ƙorafi, maganar ta fito fili har mujallun kimiyya suka ɗauka. Abin da ya ƙara mata ciwo shi ne an sa Hughes, wanda shi ma ƙaramin abokin aiki ne a wurin Kosterlitz. Mu a nan muna da karin maganar da ta dace da irin wannan rabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutane suna da ra'ayoyi dabam-dabam a kan wanda ya fi gaskiya tsakanin malamin da ɗalibarsa, ita kuwa ta rasu a 2013. Abin da ba a gardama a kansa shi ne hannunta ne ya yi gwajin, sunanta ne kuma na farko a maƙalar.

Ga inda abin ya ba mu mamaki. Kundin Garfield na wancan zamani, wanda ake bugawa a takarda, yana jera ambato ne a ƙarƙashin sunan marubuci na farko. Watau duk wanda ya buɗe kundin yana neman maƙalar 1973, a ƙarƙashin sunan Pert zai same ta. Ƙidaya marar ido da kunne ta tuna da ɗalibar, kwamitin manyan mutane masu ilmi ne ya tsallake ta. Masu son a yi watsi da ƙidaya gaba ɗaya, a koma ga hukuncin dattawa kawai, sai su tsaya a nan su yi tunani. Mu da muka san abin da sanayya da ɓangaranci da tsoron maigida ke iya yi a ɗakin taro, ba za mu yi saurin jefar da shaidar da ba ta san ɗan wane ba. Ƙaramin malamin da ba shi da uban gida, wani lokaci lambar nan ce kaɗai mai tsaya masa.

Sai dai shaidar nan tambaya ɗaya tak take iya amsawa, watau sau nawa aka ambaci aiki. Ba ta san dalilin ambaton ba. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙaloli 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta farko ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, mai bayyana yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwa, da ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana sifar sinadarin gado, ba ta ma shiga ɗarin ba. Dabarar awo kowa na ambatonta duk ranar da ya yi amfani da ita, babban ilmi kuwa da zarar ya shiga littafin makaranta sai a daina faɗin mai shi. Wani kaso na ambaton Snyder ma irin na Lowry ne, na masu aron dabara.

Mafi muni, ƙidaya ba ta san gaskiya da akasinta ba, kuma misalin da ya fi tsoratar da mu daga wannan fanni na ƙwaƙwalwa ya fito. A 2006 mujallar Nature ta buga wata maƙala daga Jami'ar Minnesota, da sunan Sylvain Lesné a farko, daga ɗakin gwaje-gwajen Karen Ashe. Maƙalar ta ce an gano wani dunƙulen furotin na musamman a ƙwaƙwalwar ɓeraye, wanda in aka ɗura shi ga lafiyayyun ɓeraye sai su fara mantuwa, abin da ya sa aka yi zaton an kama ɗaya daga cikin masu haddasa cutar mantuwa ta Alzheimer. Shekara 16 ana ambatonta, har ambaton ya kai wajen 2,300, ta zama cikin maƙalolin da aka fi ambata a fanninta. Sai wani likita mai bincike a Jami'ar Vanderbilt, Matthew Schrag, ya zauna ya ƙura wa hotunan gwajin ido, ya ga alamun an yi musu kwaskwarima. Mujallar Science ta buga binciken ɗan jarida Charles Piller a kan batun a watan Yuli na 2022, kuma a watan Yuni na 2024 aka janye maƙalar. Ashe ta amince cewa an taɓa hotunan, ko da yake ta tsaya a kan cewa sakamakon yana nan daram. Lesné kuwa bai yarda da janyewar ba. Adalci ya sa mu ƙara da cewa binciken cutar Alzheimer bai rataya ga wannan maƙala ita kaɗai ba. Amma tambayarmu ita ce, cikin masu ambato sama da dubu biyu, nawa ne suka dubi hotunan da kyau? Ambato yakan haifi ambato. Wanda ya ga an ambaci abu sau dubu sai ya ɗauka an riga an tantance shi, ya ƙara nasa, na bayansa ya ga dubu da ɗaya. Robert Merton ya bayyana wannan hali tun 1968, cewa a duniyar ilmi mai suna ake ƙara wa suna. Kuma ranar da aka janye maƙala, ambaton da ta tara ba ya gogewa daga lissafin h na masu ita a yawancin ma'aunai.

In mudun yana da irin wannan zuba a Baltimore da Minnesota, yaya zai kasance a wurinmu? Mu tuna da Benjamin Osuntokun, likitan jijiyoyi na Jami'ar Ibadan, wanda a ƙarshen shekarun 1960 ya binciki wata cuta mai sa mutane tangaɗi da raunin gani da ji a yankin Yarabawa, ya danganta ta da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Masu binciken rogo da jijiya a duniya 'yan ƙalilan ne in aka kwatanta su da masu binciken mofin, don haka irin wannan aiki ba zai taɓa tara abin da aikin Snyder ya tara ba, alhali ga mai cin rogo kullum babu binciken da ya fi shi amfani. Matashin malamin da ya ga cewa ƙidaya kaɗai ake dubawa zai yi abin da kowane mai hankali zai yi: ya bar sanƙarau da farfaɗiya da shan kodin a unguwarsu, ya bi batun da kasuwarsa ke ci a ƙetare. Marar tsoron kunya kuma zai sami gajeriyar hanya, ya yanka bincike ɗaya gida biyar, ko su haɗa kai da abokai, ka ambace ni in ambace ka, ka sa sunana in sa naka.

Ba mu ne muka fara ganin haka ba. A 2012 waɗansu masana da editocin mujallu suka haɗu a San Francisco suka fitar da sanarwa cewa a riƙa auna bincike da abin da ke cikinsa, a daina jingina da martabar mujallar da ta buga shi, kuma jami'o'i da hukumomi da yawa sun sa hannu. Abin da muke roƙon majalisun jami'o'inmu da ku ma'aikata masu shirya takardun ƙarin girma bai fi ƙarfin kowa ba. A bar lambar a cikin fayil, a dube ta, musamman in ta saɓa wa ra'ayin kwamiti a kan wani ƙaramin malami, domin a nan ne take da amfani. Amma a nemi mai neman girma ya zaɓi ayyukansa biyar da ya fi alfahari da su, ya rubuta shafi guda a kan kowane, ya faɗi tambayar da ya yi, da amsar da ya samu, da abin da ya canza saboda ita. A aika ayyukan ga masu karatu biyu daga wata jami'a waɗanda za su karanta su da gaske, a biya su ladan karatun. A duba ko akwai maƙalar da aka janye ko aka yi wa gyara. A kwatanta mutum da 'yan fanninsa da tsararsa. Sa'an nan a takardar a bar fili inda zai rubuta, ga kowane aiki, wa ya kawo tunanin, wa ya samo kuɗin, da sunan ɗalibin da ya yi gwajin da hannunsa.